Sunan Maami a Jikin Bango

Kwana uku Maami, mahaifiyata, ta yi tana wanke hannuwanta kafin mu tafi Legas. Da safe toka da lemun tsami, da yamma sabulu da soson buhu. Rini ne sana'arta tun tana yarinya, kamar uwarta, kuma shuni ya shige mata fata har wuyan hannu. Ta daina taɓa tukunyar baba gaba ɗaya, ta bar mini aikin. A rana ta uku hannuwanta suka koma toka-toka, duk sun tsage, nawa kuwa suka yi baƙi ƙirin.

"Ki ɓoye su a gyale, Tanwa," in ji ta. "Kada ki ba ni kunya a gaban manyan mutane."

Boda Dotun ne ya gayyace mu. Ɗan yayan Maami ne, kuma a bayanta ya girma, don uwarsa ta rasu yana shan nono. Yanzu ya zama babban mai zane a Legas. Bara ya zo gidanmu a Abeokuta da mota, ya buɗe akwatin Maami, ya zaɓi zannuwa goma sha ɗaya daga cikin waɗanda ta ƙi sayarwa. Duk da hannunta ta zana su, da gashin kaza da kullun rogo, kafin ta tsoma su a baba. Har da wanda ta yi a shekarar da Babanmu ya rasu, mai cokula a kife tun daga sama har ƙasa. A kan wannan ta ɗan yi gardama. Sai Boda Dotun ya riƙe ƙafarta.

"Anti, sunanku zai hau bango," ya ce. "Da baƙaƙe, a gidan da Turawa ke zuwa kallo. Duk wanda ya shigo sai ya karanta Anike."

Tun daga ranar babu matar da ba ta ji wannan magana ba a unguwarmu. Masu rini, masu ɗaure zani da zare, masu bugu, duk sun sani. Wasu sun taya ta murna. Iya Sikira, maƙwabciyarmu, cewa ta yi, "To, ki kawo mana hoto mu gani, don mu ma mun san bango."

Maami ba ta iya karatu ba. Ni ce mai karatun gidan, kuma aji uku na tsaya, shekarar da Baba ya rasu ta cire ni don in riƙa dama mata kullu. Ina iya haɗa baƙaƙe in an ba ni lokaci kuma ba wanda ke kallona. A mota ta tambaye ni har sau biyu yadda sunanta yake farawa.

"A ne, Maami. Sai N."

"A, sai N," ta maimaita, tana kallon taga.

Mun iso wajen azahar ranar Asabar. Gidan hawa huɗu ne, gabansa duk gilashi. Mai gadi ya karɓe jakar da Maami ta cika wa Boda Dotun da kokoro, wato soyayyen garin masara, da shinkafar ofada, ya ce ba a shiga da abinci, ya ajiye ta a ƙasa kusa da takalminsa. Muna shiga sanyi ya buge ni kamar an buɗe firiji. Bango fari, ƙasa fara, silin can sama. Na rasa inda zan taka.

A hawan ƙasa akwai tayoyin mota da aka jera har sama, an yi musu fenti ruwan zinariya. Maami ta tsaya ta dube su.

"Mai facin ya tafi cin abinci ne?" ta tambaye ni a hankali.

Gaba kaɗan wani ƙaton allo ne, ja tas, babu komai a kansa sai layi ɗaya baƙi da ya karkace. Mutum uku suna tsaye gabansa sun riƙe haɓa. Maami ta ce da ni ce na ja wannan layin a kan zaninta da na sha mari. Na yi dariya a cikin gyale. Ita ma ta yi. Dariyarmu ta ƙarshe ke nan a ranar.

A hawa na uku muka sami Boda Dotun, da rigar adire, irin rinin da muke yi, da wandon Turawa, mutane sun kewaye shi. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Shi bai kwanta ƙasa ya gaida Maami ba kamar yadda yake yi a gida, ya dai ɗan rusuna ya taɓa gwiwarsa. Sai ya kama hannunta ya juya shi, fuskarsa ta canza.

"Anti, me kuka yi wa hannun nan?"

"Wankewa na yi. Ba ka ga sun yi haske ba?"

"Haba, Anti. Ai shunin nake so mutane su gani. Har na gaya wa mai hoto." Ya sake hannun. "To, ba komai. Ku zaga ku gani, ina zuwa."

Maami ta tsaya da hannun a sama na ɗan lokaci, kamar ta manta nata ne, sannan ta sauke shi.

Zannuwan suna babban ɗaki na ciki. An miƙe su a kan katako, an rufe da gilashi, kowanne da fitilarsa. Ban taɓa ganinsu haka ba. Shuɗin ya yi zurfi har kamar za ka faɗa ciki. A kan kowanne Boda Dotun ya ja wani abu da farin fenti, wani da'ira, wani layi. A kan mai cokulan ya ja gicciye babba daga kusurwa zuwa kusurwa.

Maami ba ta kula fentin ba. Sunkuyawa ta yi tana duba ƙasan kowane zani. Duk mai zana adire a wurinmu tana da alamarta da take sawa a bakin zani, inda ake kalmashewa, don a san aikinta ko bayan ranta. Ta Maami mataji ne mai haƙori huɗu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya. An yanke bakin duka don su shiga katakon.

"Ya yanke matajin," ta ce.

"Ƙila ya naɗe shi ta baya, Maami."

"Ya yanke. Ga sawun almakashi." Ta miƙe ta gyara gelen da ta ɗaura a kai. "Ba komai. Ai ya ce zai sa da baƙaƙe. Nemo mini."

Kusa da mai cokulan akwai wani ɗan allo fari manne a bango, bai fi tafin hannu ba. Layi na sama na gane shi nan da nan, sunan Boda Dotun ne da manyan baƙaƙe. A ƙasa akwai ƙananan rubutu da Turanci. Na matso. Mutane suna wucewa ta bayana, turarensu yana shiga hancina, ina jin kamar duk ni suke kallo. Na bi layin da ido har na kai wata kalma. A. Sai N.

"Ga shi nan, Maami."

"Ina?"

Na fito da ɗan yatsa ɗaya daga gyale na nuna mata, na mayar da shi. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa bangon. Ta daɗe a haka.

"Ashe haka nake," ta ce.

A lokacin na sake duba kalmar. Bayan N ɗin O ne, ba I ba. Kuma ta yi tsawo, ta fi Anike tsawo sosai, kuma ban ga K ba ko'ina. Na ce a raina ƙila haka Turawa ke rubuta shi, su da ba sa iya faɗin sunayenmu daidai. Na buɗe baki in gaya mata in sake dubawa. Sai na ga fuskarta. Rabon da in ga fuskar Maami haka tun Baba yana da rai. Na rufe bakina.

"Ɗauke ni hoto," ta ce. "Ki tabbata rubutun ya fito. Iya Sikira ta ce ta san bango."

Na ɗauke ta da ƙaramar wayata. Ta tsaya a miƙe, yatsanta a ƙarƙashin kalmar, ba ta yi murmushi ba, don a wurinta babban mutum ba ya washe haƙora a hoto.

Da abin ya tsaya a nan, da mun koma gida lafiya. Amma Maami ta ƙi barin wurin. Duk wanda ya zo kallon mai cokulan sai ta gaishe shi, ta nuna allon, ta buga ƙirjinta.

"Ni ce nan. Sunana ne."

Wani Bature dogo ya karanta, ya dube ta, ya yi dariya, ya ɗauke ta hoto. Wasu 'yan mata biyu masu dogayen farce suka zo, ɗayar ta ce wa ɗayar da Turanci wani abu, suka rufe baki. Suka roƙi Maami ta sake nunawa. Ta sake. Suka shiga hoton, ɗaya a kowane gefe, suna turo baki. Kafin wani lokaci mutane sun taru a gabanta sun fi na gaban zannuwan yawa. Na ji wani yana tambaya ko ita ma cikin kayan nunin take.

Ni ina can jikin bango. Wata mai rabon abinci ta miƙo mini fanke a kan farar takardar goge hannu. Na karɓa don ban san yadda zan ce a'a ba. Gumin hannuna ya mayar da takardar shuɗiya nan take. Na dunƙule ta na tura cikin gyale.

Sai ga Anti Simisola, matar Boda Dotun, da kofin giya mai dogon wuya a hannunta. Tun aurensu sau ɗaya ta taɓa zuwa gidanmu, kuma ba ta zauna ba, wai tabarma tana sa mata ƙaiƙayi. Ta ratsa mutanen ta tsaya gaban Maami. Ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ba ta kai ko rabi ba.

"Mama, sannunku da zuwa. Me kuke nuna wa mutane haka?"

"Sunana, 'yata. Mijinki ya cika alkawari."

Anti Simisola ta dubi allon. Ta sake duban Maami. Na ga gefen bakinta yana rawa.

"Wa ya karanta muku?"

"Tanwa mana. Ai ta yi boko."

"Au, Farfesa tana nan? Tanwa, zo mana. Kina laɓe kamar ƙadangare. Zo ki karanta mana mu ma mu ƙaru."

Ƙafafuna suka kai ni, ban san yadda aka yi ba. Mutane suka buɗa mini hanya.

"Ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Da ƙarfi, akwai masu nauyin kunne a baya."

"A," na ce.

"Madalla. Gaba."

"N."

"Kun ji ko? Yarinyar tana da kai. Gaba."

"O."

"O? A cikin Anike? To, ci gaba, ƙila K ɗin yana hanya, go-sulo ne ya riƙe shi."

Wani ya yi dariya. Na ci gaba da kiran baƙaƙen, muryata tana ƙanƙancewa, har na kai na ƙarshe. Tara ne. Na ƙirga su daga baya a hoton.

Maami tana kallona. "Me ya faru? Ba sunan ba ne?"

Na kasa ɗaga kai. Anti Simisola ta kurɓi giyarta, ta sa muryar da ake yi wa yara magana da ita.

"Mama, kalmar nan anonimos ake ce mata. Ba suna ba ne. Abin da take nufi shi ne ba a san mai aikin ba. An rubuta, zani na wata mai rini da ba a san sunanta ba." Ta juya wajen mutanen ta faɗa musu da Turanci. Wannan karon dariyar ta fi yawa, duk da wasu sun sunkuyar da kai, wata mata ma ta juya ta fita.

"Ba a san ta ba," Maami ta ce.

"Haka aka rubuta."

"To, ni da nake tsaye tun ɗazu ina cewa ni ce?"

"Ai shi ne abin ya yi daɗi, Mama."

Hayaniyar ta jawo Boda Dotun. Tare da shi akwai mai gidan, Madam Ibidun, wata dattijuwa mai farin gashi gajere da manyan awarwaro. Ta tambayi abin da ake ciki, aka gaya mata. Ta dubi Maami daga gele har takalmi.

"Ita ce ta yi su?" ta ce. "Dotun, ai ka ce mana duk sun mutu."

"Yawancinsu, ma," in ji shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin. Ya matso kusa da Maami ya rage murya. "Anti, ku fahimce ni. Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Yana magana ne a kan dukan matan da suka yi rini aka manta da su. In na sa suna ɗaya, ya zama ƙarami. Kun gane? Ku ne dukansu."

"Naka fa?" Maami ta ce.

"Na'am?"

"Naka sunan. Tanwa ta ce yana sama. Shi bai mayar da shi ƙarami ba?"

Madam Ibidun ta yi wata 'yar dariya, ta dafa kafaɗarsa, ta ce tsohuwar tana da baki, ya kamata a gayyato ta ranar da za a yi hira da 'yan jarida. Ta ce amma allon ba zai canzu ba, an riga an buga littafin nunin.

Maami ta juya ta fuskanci bangon. Na san abin da za ta yi tun kafin ta yi, don na sha ganinta a wurin zaɓe da wurin taron ƙungiyar masu rini. Inda wasu ke sa hannu da biro, ita dangwalawa take yi. A gida ma ba ta neman tawada. In ta lashi babban yatsanta ta danna a kan takarda, shunin da ke jikinta ya isa.

Ta lashi yatsan. Ta danna shi a farin bangon, daidai gefen kalmar, ta jujjuya shi dama da hagu da dukan ƙarfinta. Ta ɗaga.

Babu komai. Ɗan danshin miyau kawai, shi ma muna kallo ya bushe.

Ta dubi yatsan. Ta sake lasa, ta sake dannawa. Ta ɗaga. Bangon yana nan fari kamar yadda yake. Kwana uku na toka da lemun tsami sun yi aikinsu.

Hannuwana suna cikin gyale, jiƙe da gumi, baƙi har gwiwar hannu. Taku biyu ne tsakanina da bangon. Da na ɗora tafina a kai, da sai sun sake fenti. Na san haka a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma idanu sun yi yawa. Na ƙara matse takardar fanken, na tsaya inda nake.

Wani mai gadi ya zo ya tsaya kusa da Maami.

"Mama, ba a taɓa bango."

"Na ji," ta ce.

Ba ta sake kallon Boda Dotun ba. Ya biyo mu har bakin matakala yana cewa direba zai kai mu tasha, mu jira a ci abinci, za a yi magana a gida. Wani ya kira shi daga ciki, ya ce yana zuwa, ya koma. Muka sauka ta gaban jan allon, ta gaban tayoyin. A ƙofa mai gadin farko ya miƙo jakar kokoro da shinkafa. Maami ta ce ya riƙe, ya kai wa 'ya'yansa.

A waje zafi ya rufe mu. Mun yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ta yi magana, kuma ba ta juyo ba.

"Kin sani?"

"Maami..."

"Lokacin da nake buga ƙirji a gaban Bature. Kin sani?"

"Na ga ya yi tsawo. Na ɗauka..."

"Kin ga ya yi tsawo." Ta gyaɗa kai. "Shekara uku ina wanke miki rigar makaranta. Kullum da asuba, kafin in taɓa baba, don kada ta yi shuɗi."

Na so in ce ai ku kuka cire ni. Maimakon haka sai na ciro wayata.

"Hoton fa, Maami? In goge?"

"Bar shi. Iya Sikira tana da jika a jami'a. Gara ta ji daga bakinsa, ta yi dariyarta sau ɗaya ta gama."

Mun shiga motocin danfo biyu kafin mu kai tasha. Rana ta fara yin sanyi. Motoci suna jere, kowacce da allon katako a samanta, 'yan kamasho suna ta kiran garuruwa. Na hango tamu daga nesa. Wannan kalmar na san ta sarai, tun aji ɗaya nake rubuta ta a bayan littafi.

"Maami, ga tamu can. An rubuta Abeokuta."

Ta wuce ni kamar ba ta ji ba. Ɗan kamashon yana tsaye a bakin motar yana ta faɗin Abeokuta, Kuto, saura mutum biyu, kurma ma zai ji shi. Maami ta ratsa ta gabansa ta je wurin wata mai sayar da burodi da ke zaune a kan benci. Ta gaishe ta da ladabi, ta ɗaga hannunta mai toka-toka ta nuna allon.

"'Yata, taimaka ki duba mini me aka rubuta a can," ta ce. "Ni kaɗai ce, ban zo da mai karatu ba."